Rigimar Bakassi da Iyakar Abin da Jakadanci Ke Iyawa

Masana sha'anin mulki sun saba ɗora wa jakadanci, watau abin da 'yan zamani ke kira diflomasiyya, kaya uku a lokaci guda: su ce shi zai hana yaƙi tsakanin dauloli, shi zai tsare rayuka da dukiyoyi, kuma shi zai kare haƙƙin ɗan Adam, sa'an nan su jera ukun nan cikin numfashi ɗaya, sai ka ce duk wanda ya sami na farko lalle ya sami na biyu da na uku. A nawa ganin al'amarin bai kai haka sauƙi ba, domin sau da yawa shugabanni biyu kan shirya, a sa hannu a yi tafi, alhali talakan da aka yi husumar a kan gonarsa bai san inda zai kwana ba. Hanyar da ta fi dacewa a auna wannan mas'ala ita ce a ɗauki husuma guda wadda aka san mafarinta da inda ta kwana, a bi ta daki-daki. Kuma ba mu da wadda ta fi kusa da mu kamar jayayyar iyaka tsakanin Nijeriya da Kamaru, wadda jama'a suka fi sani da rigimar Bakassi, ko da yake ta miƙe tun daga Tafkin Chadi har bakin teku, tafiyar kilomita wajen 2,000.

Aika manzanni da musayar wasiƙu daɗaɗɗen abu ne a ƙasashen nan. Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Borno sun yi shekaru suna aika wa juna takardu a kan halaccin yaƙin da ke tsakaninsu, kowa yana kawo hujjarsa daga littattafan fiƙihu, har daga baya daulolin biyu suka zauna kowacce a haddinta. Sai dai magabata suna jayayya ne a kan wane gari ke bin wane sarki, watau mutane ake ƙirgawa. Da Turawa suka zo sai suka mai da iyaka layi a kan takarda, wanda ba ya motsi ko da mutanen sun motsa, kuma daga nan tushen wannan fitina yake.

A 1884 Ingila ta ƙulla yarjejeniyar kariya da sarakunan Tsohuwar Kalaba, waɗanda mutanensu ke su a ƙoramu da tsibiran Bakassi. Ranar 11 ga Maris 1913 kuma ta zauna da Jamus, mai mulkin Kamaru a lokacin, suka shata iyaka daga Yola zuwa teku, suka bi da ita ta kogin Akwayafe, Bakassi ta faɗa ɓangaren Jamus ba tare da an nemi yardar masu wurin ba. Da Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Faransa suka raba Kamaru, suka tabbatar da iyakarsu cikin takardun da suka yi musaya a 1931. A ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairu 1961 arewacin rabon Ingila ya zaɓi Nijeriya, aka raɗa masa Lardin Sardauna, kudancin kuwa ya bi Jamhuriyar Kamaru. To, Bakassi a taswira tana cikin kudancin nan, amma harshen galibin mutanenta da danginsu da kasuwarsu duk suna fuskantar Kalaba. Sa'an nan a 1964 shugabannin Afirka suka taru a Alƙahira suka ɗau alkawarin girmama iyakokin da suka gada daga 'yan mulkin mallaka, suna sane da cewa ba a shata su bisa adalci ba, don dai sun hango cewa in aka buɗe wannan ƙofa babu ƙasar da za ta tsira. Janar Yakubu Gowon na Nijeriya da Shugaba Ahmadu Ahidjo na Kamaru sun yi ƙoƙarin ƙarasa iyakar teku a Marwa ranar 1 ga Yuni 1975, amma ba a cika wata biyu ba aka hamɓarar da Gowon, gwamnatocin da suka biyo baya suka ce majalisar ƙoli ta soja ba ta taɓa amincewa da abin da ya sa wa hannu ba.

Can arewa kuwa ruwa ne ya haddasa abin. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye Tafkin Chadi, masunta da manoma daga Borno, Barebari da Hausawa da Shuwa da sauransu, suka riƙa bin ruwan yana ja suna binsa, suna kafa ƙauyuka irin su Darak a inda dā kwale-kwale ke wucewa. Hukumar Borno ta biyo su da haraji da 'yan sanda da makarantu, alhali sun riga sun tsallake layin da Turawa suka ja a cikin ruwa, wanda ba wanda ya taɓa ganinsa da ido.

A watan Mayu 1981 aka kashe sojojin Nijeriya biyar a bakin iyakar kudu, jama'a suka yi ta kiran a ɗau fansa, amma Shugaba Shehu Shagari ya haɗiye fushi, ya ƙaurace wa taron shugabannin Afirka na Nairobi, har Kamaru ta ba da haƙuri ta biya diyya. Wannan ya kwantar da ƙura bai warware komai ba. A ƙarshen 1993, zamanin Janar Sani Abacha, sojojin Nijeriya suka shiga Bakassi, aka yi ta gwabzawa jefi-jefi, shiga-tsakanin da Shugaba Eyadema na Togo ya yi bai ɗore ba. Ranar 29 ga Maris 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague, daga baya ta faɗaɗa da'awarta ta haɗa da iyakar baki ɗaya. Shekara takwas aka yi ana shari'a.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu game da kotun nan, domin a kansa sauran bayanin ya rataya. Alƙali ce wadda ba ta da dogarai: tana iya cewa wane ke da gaskiya, amma ba ta da wanda za ta aika ya fitar da mai ƙarfi daga filin da ba nasa ba. Gaskiya ne ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba wanda ya yi nasara damar kai kuka Kwamitin Sulhu, amma kowa ya ga abin da ya sami Nikaraguwa a 1986, sa'ad da ta ci shari'a a kan Amurka, Amurka ta hau kujerar-na-ƙi, magana ta mutu a nan. Nijeriya kuwa ta ninka Kamaru yawan jama'a sau da dama, sojojinta na cikin Bakassi, kuma babu wata daula da za ta aiko da rundunarta don ta fitar da su. Saboda haka duk wanda ya san halin da ake ciki ya san cewa ranar da za a karanta hukunci ita ce ranar da haɗarin yaƙi zai fi tsanani.

Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar, ya hango wannan, kuma a ganina wannan hangen shi ne mafi girman abin da jakadanci ya yi a cikin labarin duka. Ranar 5 ga Satumba 2002, tun alƙalai ba su buɗe baki ba, ya haɗa Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Paul Biya a Faris, suka tattauna yadda za a karɓi hukuncin ko wa ya faɗa wa. Domin mutum ya fi saurin yarda da ƙa'ida lokacin da bai san ko a kansa za ta faɗa ba. Hukunci ya fito ranar 10 ga Oktoba: Bakassi ta Kamaru ce bisa yarjejeniyar 1913, sanarwar Marwa tana nan daram, ƙauyukan Tafkin Chadi na Kamaru ne duk da shekarun da Borno ta yi tana mulkinsu, amma kotu ta ba Nijeriya wasu wurare a iyakar tudu, ta ƙi layin da Kamaru ta nema a teku, ta kuma ƙi ɗora wa Nijeriya diyya. Gari ya ɗau zafi. Aka ce shugaban kotun Bafaranshe ne, ga Baturen Ingila da na Jamus a cikin alƙalai, watau 'ya'yan waɗanda suka yi rabon su ne suka zauna duba shi. Zargi ne mai daɗin faɗi, amma ba ya bayyana yadda alƙalai 14 suka tsaya a gefe guda, biyu kaɗai suka saɓa. Gwamnatin Nijeriya ta fitar da sanarwa mai zafi wadda ba ta karɓi hukuncin ba, ba ta kuma rufe ƙofa ba. Wata guda da 'yan kwanaki bayan hukuncin Annan ya sake tara shugabannin biyu a Geneva ranar 15 ga Nuwamba, aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta ƙasashen biyu ƙarƙashin wakilinsa, Ahmadu Ould-Abdallah ɗan Muritaniya.

Wanda ke son sanin darajar wannan hukuma, to, ya dubi Habasha da Iritiriya. Su sun riga sun yi yaƙinsu daga 1998 zuwa 2000, dubun-dubatar mutane suka hallaka a kan iyaka, sa'an nan a Aljas suka yi alkawarin karɓar hukuncin masu shata iyaka. Hukuncin ya fito a watan Afrilu na wannan shekara ta 2002, ya ba Iritiriya garin Badme, Habasha ta ƙi fita, ba a kuma sami wata majalisa da ɓangarorin biyu suka yarda su riƙa zama a cikinta ba. Aka rufe iyaka, aka raba iyalai, sojoji suka zauna suna hararar juna har 2018. Hujjar shari'a a can ba ta fi ta nan rauni ba.

Tadbirin da hukumar ta bi ya cancanci a tsaya a kansa. Nijeriya ta naɗa Yarima Bola Ajibola ya jagoranci tawagarta, shi kuwa yana ɗaya daga cikin alƙalai biyun da suka saɓa wa hukuncin, ta yadda ba wanda zai ce masa bai san zafin abin ba. Kamaru ta turo Amadu Ali, mutumin arewacinta. Suka riƙa zama yau a Yawunde gobe a Abuja, suka ajiye Bakassi a gefe, suka fara da inda zuciya ba ta yi zafi sosai ba. A Disamba 2003 Nijeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 na Tafkin Chadi, har da Darak. A Yuli 2004 aka yi musaya a iyakar tudu, Narki ta koma Kamaru, Burha-Wango da Ndabakura suka dawo Nijeriya, don kowane shugaba ya sami abin da zai nuna wa mutanensa cewa shi ma ya karɓa. Duk da haka wa'adin fita daga Bakassi na 15 ga Satumba 2004 ya zo ya wuce sojoji ba su motsa ba. Abin lura shi ne ba a tashi taron ba: Kamaru ta yi ƙorafi amma ba ta harba bindiga ba, Annan ya ci gaba da kira, har ranar 12 ga Yuni 2006 aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree kusa da New York, Amurka da Ingila da Faransa da Jamus suna shaidu. Aka rarraba ɗacin kashi-kashi: sojojin Nijeriya su fita cikin kwana 60, hukumarta ta farar hula ta ci gaba da riƙe wani yanki har shekara biyu, sa'an nan a yi shekara biyar na tsari na musamman kafin ikon Kamaru ya cika. Haka kuwa aka yi. Aka miƙa ragowar a Kalaba ranar 14 ga Agusta 2008, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya gaji alkawarin da ba shi ya ɗauka ba, ya kuma cika shi.

Har gobe akwai masu cewa Obasanjo ya sayar da ƙasa don neman suna a idon duniya. Ban yarda da su ba. Shugaban da ya sassauta don a zauna lafiya bai taɓa tsira daga irin wannan suka ba, kuma duk almajirin da ya karanta sira ya san yadda sharuɗɗan sulhun Hudaibiyya suka yi wa manyan sahabbai nauyi kafin aƙibarsu ta bayyana. Da Nijeriya ta ƙi, da ta riƙe fadamun Bakassi ta rasa bakin da za ta yi wa Laberiya ko Saliyo ko Sudan wa'azin bin doka. Amma masu sukar suna da gaskiya a wuri guda, kuma ba ƙaramin wuri ba ne: sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita, ba a kuwa kai mata Greentree ba kafin a fara aiki da ita, shi ya sa Majalisar Dattawa ta yi tir da miƙawar a Nuwamba 2007. An guje wa majalisa ne don an san za ta ƙi. Wannan dabara ta gaggauta sulhu, amma ta bar mutanen Bakassi ba su da ko dandali ɗaya da za a tilasta wa hukuma ta faɗi abin da ta tanadar musu.

Ta fuskar tsaro ribar ta zo ta inda ba a zata ba. A farko ma abin ya ƙara lalacewa, don 'yan fashin teku da 'yan bindiga sun cika gurbin da sojoji suka bari a ƙoramun Bakassi. Amma da fitinar Boko Haram ta mamaye Borno ta tsallaka duwatsun Mandara da tsibiran tafki, watau daidai wuraren da aka yi musayarsu, sai ta tarar da ƙasashe biyu waɗanda, duk da rashin yarda da zargin juna da suka ɗau lokaci suna yi, ba su da sauran da'awar ƙasa a tsakaninsu. Daga taron da aka yi a Faris kan Boko Haram a Mayu 2014 aka kai ga farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa a 2015, mai hedkwata a Injamena. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji Hausawa, kuma mutum na iya ƙiyasta abin da zai faru da a ce bangon nan yana tsage a lokacin.

Saura kaya na uku, watau haƙƙin ɗan Adam, kuma a nan ne lissafin ya karkace. A takarda ba a bar komai ba: sashe na 3 na Greentree ya wajabta wa Kamaru kada ta kori 'yan Nijeriya mazauna Bakassi ko ta tilasta musu sauya ƙasa, ta girmama harshensu da al'adunsu da addininsu, ta bar su su yi su da noma, ta kiyaye dukiyarsu da filayensu na gado, kada ta ɗora musu harajin wariya, ta kuma kare su daga tsangwama. Amma ba wakilinsu ko ɗaya da ya sa hannu. Dubbai suka kwashe suka koma Jihar Kuros Riba, aka ajiye da yawansu a wajen Ikang, inda masunci ya wayi gari nesa da ruwan da ya sani, wasu suka shekara da shekaru a azuzuwan makaranta. Waɗanda suka zauna suka riƙa kukan haraji da tsangwamar jandarmomi. Da tsarin musamman ya ƙare a Agusta 2013 sai suka zama baƙi masu neman takardar izinin zama a inda aka binne kakanninsu, wasu kuma ba su da shaidar zama ɗan ko wace ƙasa. Kwamitin da aka kafa don bin diddigin yarjejeniyar na gwamnatoci ne da shaidunsu, babu wata kotu da masunci zai shiga da kansa ya ce an karya sashe na 3.

Dalilin wannan a fili yake, kuma bai keɓanta da Bakassi ba. Jakada ɗan aiken shugaba ne, amanar da ya ɗauko ita ce maslahar daularsa. In ya ambaci haƙƙin talakan wata ƙasa, galibi makami ne yake nema a kan abokin gaba, in kuwa gaba ta ƙare sai makamin ya koma kube. Inda haƙƙin da aka rubuta cikin yarjejeniya ya yi tasiri, kamar takardar Helsinki ta 1975 wadda ƙasashe 35 suka sa wa hannu, ya yi ne don mutane a Mosko da Furag da Warso sun ɗauki takardar sun riƙa karanta wa gwamnatocinsu, suna rubuta kowane saɓo, ga kuma tarurrukan bita da aka wajabta inda dole a tsaya a amsa tambaya a gaban duniya. Greentree ba ta sami ko ɗaya daga cikin biyun ba: ɓangarorin biyu kowanne yana da dalilin son a manta da zancen, shaidun huɗu kuwa abin da ya dame su shi ne kada a yi yaƙi kusa da rijiyoyin mai na Tekun Gini.

Har ma akwai inda jituwar gwamnatocin biyu ta zama ita ce cutar. A Maris 2017 Nijeriya da Kamaru da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa hannu cewa ba za a mai da wanda ya gudo daga Borno gida ba sai da yardarsa, amma hukumar ta yi ta kokawa cewa ana ci gaba da lodin mutane a manyan motoci ana sauke su a garuruwan da ba su da tsaro. A Janairu 2018 kuma jami'an tsaron Nijeriya suka kama Sisiku Julius Ayuk Tabe, jagoran 'yan awaren yankin Kamaru mai magana da Ingilishi, da abokansa a wani otal a Abuja, aka miƙa wa Yawunde mutum 47, da yawansu masu neman mafaka, ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Ko mene ne ra'ayin mutum game da awarensu, ƙa'idar da ta hana mai da mai neman mafaka hannun wanda ya guje wa tana cikin yarjejeniyoyin da Nijeriya ta sa wa hannu. Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke a Maris 2019 cewa kamun da miƙawar sun saɓa wa doka, ta ba da umurnin a dawo da su. Ba a dawo da su ba, kuma a watan Agusta na 2019 kotun soja a Yawunde ta yanke wa Ayuk Tabe da mutum tara ɗaurin rai da rai.